Goron Sallah ga mutum 40: ina so in saya a hannun masu ƙananan sana'o'i, ta ina zan fara?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta ɗora mini haɗa kyautar Ƙaramar Sallah ta bana ga mutum 40, ma'aikata da wasu dattawa da muke kai wa gaisuwa. An ware naira 600,000, wato 15,000 ke nan kan kowane mutum. Abin da aka saba shi ne a shiga babban kanti a ɗauko kwandon nan da aka riga aka naɗe, mai biskit da lemon kwali da man girki, kusan duk kayan waje. Bana shawara ta tsaya a kan cewa kuɗin ya shiga hannun masu sana'ar hannu na gida: mai kilishi, mai dambun nama, mai turaren wuta, baduku, marini da makamantansu.

Muna Kaduna, amma ana iya zuwa Kano sayayya, kuma kusan mutum 12 daga cikin masu karɓa suna Abuja da Jos, sai an aika musu. Yanzu muna farkon Sha'aban. Tambayoyina: yaushe ya kamata a ba da aiki? Nawa ake bayarwa kafin alƙalami? Wane kaya ne ke jure zafi da tafiya? Kuma ta yaya zan tabbatar wanda ya yi aikin da hannunsa ne ya ci ribar, ba mai shiga tsakani kaɗai ba? Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ku ladan wannan niyya. Zan fara da lokaci da kuɗi, domin nan ne wannan harka ke gyaruwa ko ta ɓaci, tun kafin a zo maganar wane kaya.

Ki ba da aikinki cikin Sha'aban ɗin nan, kada ya wuce tsakiyar wata. Da azumi ya kama, mai aikin hannu ba ya iya yin abin da yake yi a sauran watanni. Mai suya a gaban wuta da ƙishirwa ba za ta wuce 'yan sa'o'i ba, ga girkin buɗa-baki yana jiranta. A goman ƙarshe kuwa kowa ya taso da nasa aikin, kayan haɗi sun yi tsada, dare kuma ya tafi wajen tahajjud. Wanda ya kawo aikin mutum 40 ana saura kwana biyar Sallah ya jefa mai sana'a cikin ɗayan biyu: ko ya ƙi karɓa ya yi asarar ciniki, ko ya karɓa ya yi aikin gaggawa sunansa ya ɓaci a wurin mutum 40 lokaci guda.

Ba da aiki da wuri ba ya nufin a yi shi da wuri. Kayan fata da rini da turare a gama su kafin azumi ya raba. Kayan ci kuwa a yi magana yanzu, a biya kuɗin kayan haɗi yanzu, amma a sa ranar yin su ta faɗo tsakanin 20 da 25 ga azumi.

Kafin ki ba kowa aiki, ki sayi ɗaya da kuɗinki a matsayin samfuri, ki ajiye shi. Sannan ki yi tambayar da mutane ba su cika yi ba: guda nawa kake iya gamawa a rana? Idan amsar ta nuna 40 zai ci masa fiye da mako biyu, ki raba aikin gida biyu, ki nuna wa kowannensu samfurin. Mai ƙaramar sana'a ba ya son ya ce ba zai iya ba, kunya da buƙata ba sa barinsa, saboda haka ke za ki yi masa lissafin.

Kafin alƙalami kada ya gaza rabi, kashi 60 cikin 100 ma ya fi idan kayan ci ne, domin nama da mai da sukari duk kuɗi hannu ake sayensu. Cikon kuma ranar da kika karɓi kaya, a wurin, ba ƙarshen wata ba. Wannan ina so a ji shi da kyau a ofisoshi da ƙungiyoyi: jarin da aka riƙe wa mai dambu mako uku a lokacin Sallah, jari ne da za ta juya sau da dama a kasuwar da ba ta dawowa sai baɗi. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Addini kuma ya riga ya tsara irin wannan ciniki na biya kafin a karɓa: a san awo, a san nauyi, a san wa'adi. To ki rubuta su uku ɗin nan, ko a takarda ko a saƙon WhatsApp: giram nawa a kowace leda, leda nawa, wace rana. "Na dubu biyar-biyar" ba awo ba ne, domin idan nama ya tashi kafin ranar, ledar ce za ta ƙanƙance, a zo ana jin haushin juna.

Wajen tura kuɗi, mata da yawa masu sana'a a gida suna amfani da asusun miji ko na ɗa. Ki kira ta da murya ta tabbatar miki da sunan kafin ki tura, kuma ki jira ta ce ta ga shigarsa. Tunda kuɗin ƙungiya ne, ki sayi ɗan littafin rasit ki tafi da shi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, don yawancinsu ba su da takardar shaidar ciniki ta kansu.

Batun ragi: a kayan masana'anta yawa na sauke farashi, a aikin hannu kuwa ba ya saukewa sosai, domin jaka ta 40 tana cin lokacin da ta farko ta ci. Idan kika matsa ƙwarai za a ce miki "Allah ya sa albarka", sai a cire ragin a cikin kayan.

Daga cikin 600,000 ɗin ki ware kusan 60,000 don mazubi da kwali da kuɗin mota, kuma ki yi oda ta 44 maimakon 40. Kwalba takan fashe, kuma ba a rasa sunan da aka manta.

Inna Mai Alkaki:

Sannu da ƙoƙari 'yata. Alhaji ya gama maganar kuɗi, ni bari in shiga ta kayan ci. Ki tuna a shekarun nan Ƙaramar Sallah cikin zafin bazara take faɗowa, kuma kayan da aka rufe a bayan mota suna shan zafin da ya fi na waje. Duk abin da ke da sauran ruwa a jikinsa ki cire shi daga lissafi. Tuwon madara yana da farin jini, amma kwanaki kaɗan yake yi ya fara canza ɗanɗano. Nakiya ce sarauniyar jurewa, tana yin watanni idan an daka ta da kyau. Alkaki da dubulan da cincin suna yin makonni, muddin sun soyu har ciki kuma an bar su sun tsane.

Dambun nama yana daɗewa ne kawai idan an soya shi har ruwan ya ƙone ƙarƙaf. Ki damƙi kaɗan a tafin hannu ki saki: mai kyau zai warware ya zube wara-wara, wanda bai soyu ba zai dunƙule. Abu biyu ke kawo masa funfuna. Na ɗaya, albasa ko attaruhu ɗanye da aka zuba daga baya-baya ba su ƙone ba. Na biyu, rufe shi da ɗumi: tururin ya taru a murfi ya koma ruwa ya ɗiga ciki, cikin kwana uku sai ki ga fari-fari a sama. A baza shi a faranti ya huce sarai kafin a zuba a roba. Wannan dokar ta hau kan duk wani abin suya.

Kilishi kuma ki san lissafinsa don kada ki ga kamar an tsawwala miki. Nama yana raguwa kusan rabi ko fiye idan ya bushe. Idan kina son giram 200 ga kowane mutum, kilo 8 ke nan na gamammen kilishi, wanda zai ci tsokar da ta kai kilo 16 ko sama, zalla marar kitse. Kilishi mai araha ƙwarai labu ne ya yi masa yawa, wato haɗin tunkuzar gyaɗa da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki. Ki ɗaga falle ɗaya ki duba ta haske, ki kuma yage shi: ya kamata ki ga zaren nama, ba ya ɓare kamar ƙuli ba. Idan da kitse a jiki, shi ne farkon abin da ke yin wari. A naɗe shi cikin takarda mai tsabta marar rubutu, ba jarida ba, ba takardar buhun siminti ba, sannan a sa a leda. A Kano masu kilishin Agadasawa sun saba da aikin yawa, za su iya yi miki a gabanki.

Duk abin da gyaɗa ta shiga, labu ne ko ƙuli-ƙuli ko yaji, ki tambayi irin gyaɗar. Wadda ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe alama ce ta a bari.

Zuma kyauta ce mai daraja ga dattawa. Lita ɗaya tana kai kilo 1.4, saboda haka ki tabbatar da lita kuke magana ko da kilo. Kwalba 40 ta rubu'in lita, lita 10 ke nan. Gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa ba sa tabbatar da komai, kuma daskarewa ba alamar haɗi ba ce, zuma ta gaske ma tana daskarewa. Abin tsoro shi ne wadda aka ɗebe ba ta nuna ba: ruwa ya yi mata yawa, za ta yi kumfa, ta yi tsami, ta ture murfi a hanya. Ki saya a hannun mai amya da aka sani, akwai su a kudancin Kaduna kusa da ku. Ki kuma rubuta a jikin kwalbar cewa ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Dattawan da ke fama da ciwon sukari kada a kai musu alkaki da zuma. A haɗa musu yajin daddawa, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu soyayye. Masu yin waɗannan su ne matan da ba su da shafi a intanet, ba su da kowa sai maƙwabta, kuma oda ta mutum goma a wurinsu babban abu ce.

Ɗan Kurmi:

Gaisuwa ga iyayenmu da suka yi bayani. Ni a tambayar Hajiya ta ƙarshe zan tsaya, don akwai abin da ake haɗawa alhali daban yake. Saye a hannun ɗan kasuwar gida daban, sayen abin da aka yi a gida daban. Ki shiga Kantin Kwari ki sayi atamfa turmi 40, kin taimaki mai shago da yaransa da 'yan dako, wannan gaskiya ne. Amma mafi yawan atamfar daga Sin take, tun da masaƙunmu suka durƙushe. Ke da kike Kaduna kin san Kakuri: masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002. Idan nufin ƙungiyarku kuɗin ya isa ga mai yi da hannu, sai an je inda ake yin.

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu ana rini da baba da toka a cikin rijiyoyi. Ana tsoma yadin a ɗaga ya sha iska, ki gan shi kore-kore yana juyewa shuɗi a idonki, a sake tsomawa har launin ya kai yadda ake so. Ana kuma yin rinin galura a gari, shi ma sana'a ce ta mutanenmu, amma farashinsu ba ɗaya ba ne, ki tambaya wanne ake ba ki. Mayafi ko yadi biyu na ɗaurin rini ya isa kyauta. Rinin baba yana zuba a wankin farko-farko, kuma yana iya shafar farin kaya tun kafin a wanke. Ki sa 'yar takarda a ciki: a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. In ba a faɗa ba, wanda aka ba zai ɗauka kayan banza ne, laifin ya koma kan marini.

Kayan fata akwai su a kasuwannin Kurmi da Ƙofar Wambai a Kano. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce wadda aka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, saboda haka ba ƙaramin abu kike bayarwa ba. Amma kasuwa ta cika da roba mai kama da fata. Ki juya bayanta: fata ta gaske gashi-gashi ne da ita, roba kuwa yadi ne manne a bayanta. Ki duba ɗinki a kusurwa da inda hannun jaka ya haɗu da jiki, nan ne ke fara sakewa. Idan gam kaɗai aka sa ba ɗinki, zafi zai ɓamɓare shi. Kada a kulle kayan fata a leda tsawon makonni, a naɗe su da takarda.

Ga mutum 40 ki guji duk abin da ke da awo. Takalmi sai da lamba. Hula ma haka, mai 22 ba zai sa 23 ba, kuma zanna bukar ta hannu tana cin makonni kafin a gama guda. Ki tsaya kan alabe, 'yar jakar hannu, gafakar Alƙur'ani, faifai, ko kwandon saƙa. Kwandon ma shi zai zama mazubin kyautar, kin ga an huta da sayen na roba, masu saƙa kuma sun samu.

Game da masu tallata kaya a Instagram, da yawansu sari suke yi su ɗora riba. Halal ne, kuma wani lokaci su ne ke fitar da kayan matan da ba sa fita. Sai dai idan kina son sani, ki nemi ɗan bidiyon wurin aiki, ko ki ce a canza miki launi ko girma. Mai yi da kansa zai ba ki amsa nan take, mai sari sai ya ce bari ya tambaya.

Maman Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Ga abin da nake tunani yanzu: kwandon saƙa, a ciki dambu ko kilishi, zuma, da turaren wuta ga mata, alabe ga maza. Saura biyu: shin zan iya haɗa turaren da abincin a kwando ɗaya? Kuma na Abuja da Jos, ta tasha zan aika ko yaya?

Yagana Mai Humra:

A'a Anti, kada ki haɗa su haka kai tsaye. Mai yana jan ƙamshi, dambu da kilishi kuwa duk mai ne a jikinsu. Kwana ɗaya a kwali guda cikin zafi ya isa naman ya ɗauki ɗanɗanon turare, ba kuma ya fita. Turaren ya tafi a kwalinsa daban, a haɗa su a kwando ranar da za a miƙa, shi ma bayan an rufe kwalbar an sa ta a leda biyu.

Turaren wuta a kwalbar gilashi ake zuba shi. Roba tana shanye ƙamshin, wani man turaren ma yana cin ta. Kafin ki biya, ki ɗora ɗan kaɗan a garwashi ki tsaya har ya cinye. Farkonsa kowane turare daɗi ne da shi, a ƙarshen ne ake gane shi. Idan sukari ya yi yawa zai yi baƙin hayaƙi da ƙaurin ƙuna. Idan itacen bai sha turare ba, an fesa masa ne a sama, minti ɗaya sai ki ji hayaƙin ice zalla. Ki fasa guntu ɗaya ki shinshina cikinsa. Turare yana son ya ɗan daɗe a rufe kafin ya kama, humra ma ta fi shi buƙatar haka, shi ya sa wadda aka haɗa ana jibi Sallah take da kaifi a hanci. Ki ba da nasu aikin a makon nan.

Aike ta tasha yana yiwuwa, amma ta ofishin 'yan ƙungiyar direbobi, ba a hannun wanda kika tarar a bakin ƙofa ba. Ki karɓi takarda, ki rubuta lambar mota da ta direba, ki tura wa mai karɓa tun motar ba ta tashi ba. A kowane gari ki sa mutum ɗaya ya karɓi duka ya rarraba, ya fi aika ƙulli 12 daban-daban sauƙi da araha. Motar asuba ta fi, kayan su isa kafin rana ta take. Kada ki kai kwana ukun ƙarshe, lokacin kuɗin mota ya tashi, kaya sun yi yawa, ana danna buhu a kan kwali.

Kwalbar zuma a sa 'yar leda a bakinta kafin a murɗa murfi, a zagaye da salatif, a tsayar da su da kwali a tsakani yadda ba za su gogi juna ba, a cike gurbi da takarda. Ki girgiza kwalin, idan kin ji ƙara to bai shiryu ba. Kwandunan kuma a jera su cikin juna a aika su wayam, a can a zuba kayan.

Baban Khalifa:

Ƙari ɗaya Hajiya. A kowane kaya ki manna 'yar takarda mai sunan wanda ya yi, da garinsu, da lambar waya, kayan ci kuma a ƙara ranar da aka yi su. Mutum 40 za su ɗanɗana, idan biyar suka kira bayan Sallah, mai sana'ar ya sami abokan ciniki a watannin da kasuwa ke kwanciya. Amma ki nemi izini tukuna. Wata matar auren ba za ta so lambarta ta shiga hannun baƙi ba, za ta fi son a sa ta mijinta ko ta ɗanta, wata kuma sunan sana'a kaɗai take so a rubuta.

Idan cikin masu karɓa akwai kamfani ko ma'aikatar da ke da ƙa'ida kan abinci, su ki ba su kayan fata da rini, ko ki nemi mai dambun da ke da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, akwai su yanzu a Kaduna da Kano. Kuma tunda Babbar Sallah na biyo baya da wata biyu da 'yan kwanaki, ki ajiye lambobin da nauyin da kuka yi a littafi ɗaya. Sai dai ita a farkon damina take faɗowa a shekarun nan, kuma gidaje cike suke da naman layya, saboda haka a lokacin ki cire kilishi da dambu, ki mai da kuɗinsu kan yaji da man gyaɗa da shinkafa 'yar gida.